Kwabon Wuyan Ɗan Asabe

Masu cewa wai na bar sana'ar hoto don idona ya mutu, ƙarya suke yi, Allah ya shirye su. Idona ƙalau yake, har yau ina zura zare a allura ba tabarau. Hoto guda ne ya raba ni da kyamara, a shekarar da aka toshe gulbi a Bakolori. Tunda kun dame ni da tambaya, to ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni.

Sunana Hashimu. A lokacin ina da ɗan shago kusa da tashar Talata Mafara, da labule mai zanen jirgin sama, ina ɗaukar amare da 'yan makaranta da manoman da aka ce sai sun kawo hoto kafin a sa sunansu cikin waɗanda za a tasa saboda dam. Daga nan wani Bature mai awon ƙasa a wurin aikin dam ya ɗauke ni aiki. Shi abin da yake yi, a kawo masa ƙasa a leda daga gonakin Bakura da Maradun, ya gasa, ya niƙa, ya barbaɗa a kan gilashi, ya leƙa ta cikin madubin nan irin na likitoci, mai mayar da ƙwayar yashi kamar dutsen niƙa. Nawa aikin, in cire wurin da ake ɗora ido, in ɗaura kyamara a gurbinsa, in ɗauka, in shiga ɗakin duhu da ke bayan ofis in wanke. Shekara biyu ina ɗaukar hoton ƙasa, jama'a. Ƙasar nan dai da muke takawa!

Amma ba ƙasa ce a ran mutumin nan ba, tsoffin kuɗi ne. Tun da aka yi canji aka kawo naira, kwabo mai huji da ɗari da anini suka zama abin wasan yara. Shi kuwa duk ranar Talata sai ya shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa, tsoffin mata su yi ta kawo masa a ƙwarya da ƙullin tsumma, har leburori suka laƙa masa suna Sarkin Anini. Abin haushin ma, ba lafiyayyun yake so ba. Wanda injin buga kuɗi ya yi kuskure a kansa yake nema: wanda aka buga sau biyu har lambar shekara ta yi inuwa, wanda aka manta ba a huda ba, wanda tauraron bayansa ya tsage. In ya dace da irin wannan, sai ka ga ƙato da gemu yana rawa kamar an miƙa wa yaro tsire. Da an tashi cin abincin rana sai ya turo mini farantin kwabbai, in riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi, in karkata fitila yadda haske zai kwanta ta gefe, kowane ɗan ƙwarzane ya fito da inuwarsa. Ba yabon kai ba, na ƙware a abin.

Ni kuwa a wannan shekarar abin da ke cin raina Inna ce. Mahaifiyata, Nagode, tana can Tungar Malami, gangaren tsohuwar Maradun, inda aka zo da jan fenti aka shafa a jikin tsamiya, sama da tsayin mutum biyu, aka ce nan ruwa zai kawo. Mutanen tunga duk sun kwashe sun hau tudu inda aka yanka musu filaye, har ƙyamare da azara sun ɓalle sun tafi da su. Inna ta ce ba inda za ta. Ƙanwata Turai ta taso daga gidan mijinta a Damri, ta yi kwana uku tana kuka, a banza. Ni na je da mota sau biyu, sau biyu motar ta dawo da ni kaɗai.

"Ban tahiya," in ji ta. "In Ɗan Asabe ya zo, shi iske wa?"

Ɗan Asabe ƙanena ne, mai bi wa Turai. Ya ɓata a bakin gulbi yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni, ni ina da takwas. An bi gaɓa har Bakura ba a ga gawa ba. Kowa ya zo ta'aziyya, Inna ta ƙi karɓa, kuma tana da hujjarta. A tungarmu duk yaron da aka haifa, ran suna ake rataya masa kwabo mai huji a wuya, ba a cirewa sai ya iya iyo. Kuɗin fansa muke ce masa. Tsoffinmu sun ce in 'yan ruwa suka kama yaro suka ga kwabo, sai su tsinke shi su riƙe, yaron kuwa su ajiye shi a gaɓa, ko da can nesa ne. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan har sun gaji, mata ba su fasa ba. To Inna ta ce ɗanta da kuɗinsa ya shiga ruwa, saboda haka an sake shi a wata gaɓa, wasu bayin Allah sun tsince shi sun rena, kuma ranar da ya ji asalinsa zai biyo gulbi ya zo gida. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana rage tuwo a akushi.

Wata Laraba, washegarin kasuwa, damina ta yi nisa, ina goge gilasai sai Sarkin Anini ya shigo yana haki, da gurguwar Hausarsa.

"Hashimu, zo ka ga mai kyau! Wannan babu irinsa!"

Ya ce wata tsohuwa ce daga Tsibiri ta kawo, a ƙulle daban cikin tsumma, ta ce a aljihun rigar marigayi mijinta ta same shi. Ya kwance ya ɗora a tafin hannuna. Jan kwabo ne na alif ɗari tara da hamsin da biyu. Hujinsa bai zauna a tsakiya ba, ya zame gefe har ya cinye ƙaho ɗaya na tauraron.

Wallahi tun kafin in kai shi ga madubi na ji kamar na san wannan hujin. Na ce wa kaina, kai Hashimu, kwabo nawa aka buga a duniya, ka natsu. Na ɗora shi a kan gilashi, na karkata fitila, na sa ido, na murɗa har ya fito tar. A bakin hujin ga ƙwarzane uku a jere, irin na wuƙar da ta zame. A gefensa kuma ga 'yan lotsattsun wurare, bibbiyu, bibbiyu, sun zagaye shi.

Bature ya ture ni ya leƙa. Ya ce hujin kuskuren inji ne, wannan ya gane, amma waɗannan ƙananan fa?

Na ce, "Haƙori ne. Haƙorin yaro."

Ya tuntsire da dariya, ya ce haƙorin yaro ba ya lotsa jan ƙarfe. Ban yi masa musu ba. Ni dai na san bakin da ya tauna shi, kuma na san hannun da ya riƙe wuƙar.

Ranar da Ɗan Asabe ya ɓata, Inna ta tafi gona kai wa Baba fura, ta bar mini shi a tsakar gida. Yana da wani wasa, ya ɗaga kwabon wuyansa ya kara a ido ɗaya, ya leƙo ni ta cikin hujin, ya ce, "Ga Yaya!" ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Muna cikin haka sai na ji kiran Bappa mai alewa, wani ɗan Tsibiri da ke zagaya tungaye da faranti a ka. Ba ni da ko anini. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, na kama zaren wuyan yaron nan, wuƙar ta zame sau uku kafin ya tsinke, shi kuwa yana dariya, ya zaci wasan ne. Na bi Bappa da gudu har gindin tsamiya. Ya juya kwabon, ya dube ni, ya dubi kwabon, ya karɓa dai. Na dawo da alewa, rabi a kumatu, rabi a hannu, don na rantse da Allah na rage masa nasa. Tsakar gida ba kowa. Sawunsa ya fita ta ƙofar baya ya gangara gulbi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, Bappa ma bai faɗa ba, kuma ga shi ashe bai iya kashe kwabon ba har ya mutu.

"Ɗauka mana," in ji Bature. "Gaba da baya."

Da na ɗaga kwabon zan juya shi, sai na ga ya bar zoben ruwa a kan gilashi. Na goge shi da gefen riga, na goge gilashin, na mayar. Kafin in gama ɗaura kyamara ya sake jiƙewa. Haushi ya kama ni, na jefa shi cikin tandar da muke gasa ƙasa, na bar shi har sai da ya yi zafin da ba a taɓawa, na ciro da awartaki. Yana hucewa ya fara tsattsafo da ruwa kamar randa. Ga wani wari da ya cika ofishin, warin laka da gansakuka, irin na gaɓar gulbinmu in ruwa ya janye. Na ɗauki hoto huɗu a hakan, na shige ɗakin duhu na ja ƙofa.

Tsakar rana ce, ina jin leburori a waje suna gardama a kan goro. Na wanke dodon hoton, na haska a takarda, na tsoma ta cikin ruwan magani, ina girgiza tasa a ƙarƙashin jar fitila. Tauraro ya fara fitowa, kamar faifai don girma. Lambar shekara ta fito. Ƙwarzanen wuƙata guda uku suka fito, kowanne kamar kunyar gona. Saura hujin. Ku gane, a ƙarƙashin hujin nan ba komai sai farin gilashi, ɗaruruwan kwabbai na ɗauka, kullum fari fat yake fitowa. Wannan sai ya fara duhu daga tsakiya. Na ci gaba da girgiza tasa.

Ido ne. Idon yaro, ya cika hujin, da dogayen gashin ido a jiƙe sun manne da juna. A cikin farin idon, ta wajen hanci, ga ɗan baƙin ɗigo. Inna takan ce tawadar Allah ce ta faɗa wa Ɗan Asabe a ido tun yana ciki.

Ban san sa'ad da na banke ƙofa na fito ba, takarda na ɗiga a hannuna. Sarkin Anini ya karɓa, ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai idona ne gilasan madubi suka mayar.

Na ce, "Idona a ina? Ba kyamara ce a wurin ido ba? Ko ta ƙeya nake gani?"

Ya ce to fim ɗin ne ya taɓa ɗaukar wani abu. Ya buɗe sabon kwali da hannunsa, ya sa fim, ya tsaya a kaina na sake ɗaukar huɗu, ya bi ni ɗakin duhu ya tsaya yana numfashi a wuyana. A na farko idon yana duban gefe, kamar mai neman wani. A na biyu da na uku ya ɗan juyo. A na huɗu ya kafe mu, ƙuri. Baturen nan ya lalubi ƙofa ya buɗe. Muka fito, ya ɗauki rula, ya turo kwabon daga kan tebur zuwa gabana, bai yarda ya taɓa shi da hannu ba.

"Tafi da shi," ya ce. "Ba na so."

To ga inda na yi wautar da ta fi ta yarinta, kuma da gemuna na yi ta. Na zauna na yi tunani irin na mai ganin ya yi boko. Na ce hujjar Inna guda ce, cewa yaron da kwabo ya shiga ruwa. In na ajiye mata kwabon a gabanta na faɗi gaskiya, hujja ta rushe, za ta san ya nutse tun ranar, ta karɓi ta'aziyyar da ta ƙi karɓa, ta shiga mota. Ta tsine mini in ta ga dama, ta daina amsa gaisuwata, na yarda, in dai tana kan tudu da ranta. Har wani sanyi na ji a zuciya, wai ni mai dabara. Tir!

Washegari Alhamis na hau babur na tafi. An riga an rufe ƙofofin dam, ruwa ya cinye fadama, ya fara lasar gonakin gero. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shirun ne. Gulbin da muka tashi muna jin kukansa tun daga zaure, ranar ko motsi ba ya yi, ya kwanta shame-shame, sai kawunan itatuwa a tsaye a cikinsa. Tunga ba kaza, ba akuya, ɗakuna duk a buɗe ba rufi. Hayaƙi ɗaya ne ke tashi, na gidanmu.

Na same ta a inuwar rumbu tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fata. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya iyali? Ya aikin Nasara?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. In mota ka zo da ita, ta koma."

Na ce ba mota. Na ciro kwabon na ajiye a kan tabarma, a gabanta. Mazari ya tsaya, ya faɗi gefe. Ba ta taɓa kwabon ba, kallonsa kawai take yi, yana jiƙa tabarmar a hankali. Na fara magana kaina a ƙasa, na faɗi komai, wuƙar kuɓewa, Bappa, gindin tsamiya, sawun da ya gangara. Ƙato da ni, mai 'ya'ya uku, ina kuka da majina. Da na gama sai na ciro hoton nan na huɗu na ɗora kusa da kwabon, don a haukata gani nake zai ƙara mata tabbaci.

Ta ɗauki hoton, ta kai shi kusa da fuska, ta nisanta shi, ta sa ɗan yatsa a kan baƙin ɗigon. Ina jiran tsinuwa, har na ƙosa ta zo.

"Ka rage mashi?" ta ce.

"Na'am, Inna?"

"Alewar. Ka rage mashi?"

"Na rage, Inna. Wallahi na rage."

"To madalla."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na share fuska na ce, "Inna, kin gani ke nan. Ba kwabo wuyanshi. Ɗan Asabe ya rasu tun rannan, Allah shi jiƙanshi. Ki tashi mu tahi, ki yi mani duk abin da kika so can bisa tudu."

"Wa ya ce ma ya rasu?" Ta juyo mini da hoton. "Matacce na kallo? Dube shi, ko kwana bai samu. Ashe ba su sake shi ba. Shekara ashirin da huɗu suna riƙe da ɗana suna jiran fansa, ni ko ina nan ina kallon hanya kamar wawuya."

"Inna..."

"Da can ce nike ta tudu za ya zo. Ashe ta ruwa ce. Ga ruwan ko ya taso da kainai har ƙohwar gida, ga kwabo ya dawo hannuna, sannan ka ce in tashi?"

Nan na gane abin da na aikata. Da hannuna na ɗauko mata dalilin da ya fi na farko ƙarfi, na kawo mata har gida a kan babur. Na ce to ta ba ni in je yanzu in jefa musu a gulbi, a wuce wurin.

"Ba a jihwa," ta ce. "Sai hannu da hannu."

Ta warware zare daga mazari, ta ninka shi huɗu, ta murza a cinya, ta zura a karkataccen hujin, ta ƙulle, ta rataya a wuyanta. Raina ya ɓaci, na miƙe ina faɗa, na ce wannan shirka ce, na ce ruwan dam ne, Turawa suka tare shi da siminti, ba wani ɗan ruwa a ciki, na ce ko tana so ko ba ta so yau sai na ɗauke ta. Har na sunkuya zan kama hannunta.

"Hashimu." Ba ta ɗaga murya ba. "Waccan na yahe ma, yaro kake. In ka taɓa ni yau, ban yahe ma nonon da ka sha."

Hannuna ya mutu a wurin. Ku da kuke kallona kuna cewa a ranku da kun sunkuce ta, ba a gabanku aka faɗa ba, ku yi mini shiru.

Na hau babur na nufi Damri. Na yi shawara da Turai da mijinta, muka tsayar gobe Juma'a bayan masallaci za mu je da liman da dattawan tunga, in lallashi ya ƙi, mata su ɗauke ta, tunda ni kaɗai ta yi wa rantsuwa. Juma'a tun da hantsi sama ta buɗe. Ban taɓa ganin ruwa irin na ranar ba, har la'asar ba ka ganin gidan da ke gabanka, kuma aka ce can sama wajen Gusau ya fi haka. Hanyar tunga ta yanke a wuri biyu. Muka tsaya a bakin kwazazzabo da liman, muna kallon jan ruwa na wucewa da itatuwa.

Asabar da sassafe na sami Abdu, wani masunci da muka yi wasan ƙasa tare, ya sa ni a jirginsa. Muka bi ta saman gonakin mutane, ina hango kan gero a ƙarƙashinmu yana kaɗawa. Ta ƙofar zaurenmu muka shiga da jirgi, sai da muka sunkuya. Ruwa a tsakar gida ya kai ƙirji, ya kwanta lumui, rana na haskawa a kansa kamar ba abin da ya faru.

Na yi ta kira. Inna! Inna! Muryata ta bugi katanga ta dawo. Na faɗa ruwa na lalube ɗakinta, na lalube madafa, na hau rumbu na leƙa. Akushin da take rage tuwo yana yawo a kife. Can kusa da ƙofar baya, wadda ke duban gulbi, wata 'yar ƙwarya na juyawa a hankali a wuri ɗaya. Abdu ya jawo ta da sandar tuƙi.

Kwabon ne a ciki, da zarensa. Ba a tsinke zaren ba, ƙullin Inna na nan yadda ta yi shi, ta ka aka cire. Na ɗauka. A bushe yake ƙamas, karo na farko tun da ya zo hannuna.

Abdu ya daɗe yana kallonsa. Shi ma da irin wannan kwabon ya girma a wuya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ba wasa a fuskarsa.

"Sun maido," ya ce. "Ai an bar amsar wanga tun canji."

Na ce ya rufe mini baki. Ya rufe, ya juya jirgi, muka fita ta ƙofar baya muna zagaya tunga, muna duba kowace katanga da kowane reshe. A bayan gari akwai ɗan tudun da muke shanya dawa, shi kaɗai ruwa bai hau ba, ya haɗe da hanyar Maradun. Abdu ne ya fara gani, ya daina tuƙi. A kan sabuwar laka, wadda ruwan jiya ya shafe sumul, ga sawu. Ƙafar yaro ce, ba ta wuce tsawon yatsana da yawa ba, 'yan yatsun sun nutse a laka ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin ruwa ta fito, ta hau tudu, tana tangaɗi irin na mai koyon gudu. Ba sawun da ya shiga ruwan, ba kuma sawun babba a kusa da ita. Duk faɗin wurin nan ba gida mai mutum, balle mai yaro.

Kyamara na rataye a wuyana a cikin leda. Ban ɗaga ta ba. Na diro daga jirgi na bi sawun da rarrafe, har ya hau tsandauri ya shiga ciyawa, ya ɓace mini.

Kwana uku masunta na jefa taru, ba a ga Inna ba, har yau. Aka yi mata salla ba gawa. Ni kuwa na bi garin Kaya da Tsibiri da sabuwar Maradun gida-gida, ina tambaya ko an tsinci yaro ɗan shekara biyu mai ɗigo a ido, har mutane suka fara kauce mini a hanya. Da na koma wurin aiki na sa kwabon a ƙarƙashin madubi sau ɗaya, na ɗauka, na wanke. Ga tauraro, ga haƙora, ga wuƙata. Hujin fari fat, ba kowa a ciki. Na ajiye wa Sarkin Anini mabuɗin ɗakin duhu a kan tebur, na sayar da shagon tasha da labulensa.

Da aka zo rabon sauran filaye na karɓi wanda kowa ya ƙi, na ƙarshe, wanda ya fi kusa da ruwa, daidai inda hanyar nan ta hau tudu. Shi ne nan inda kuke zaune. Turai ta ce ciwon Inna ne ya kama ni, ta faɗa a gabana, ta faɗa a bayana. Ta yi ta faɗa. Ni na san yaro ya fito, an biya masa da abin da ya fi kwabo, kuma bai san kowa a duniyar nan ba sai Inna da ni.

Duk Talata nakan sayo alewa a kasuwa in raba biyu. Rabi in ba jikoki, rabi in sa a akushi a zaure. Turai ta ce tururuwa ce ke cinyewa. Mai yiwuwa. Kai na bakin ƙofa, in za ka fita kada ka ja mini ƙyauren nan, a buɗe yake zama.